Dorina Ta Ba Da Hanci Kawai

Mai ɗaukar hoto a unguwar Briqueterie ta Yawunde ba ya rasa dutse, tunda Yawunde birnin tuddai bakwai ne. Dabba ce matsalar: naman unguwar duk ya riga ya hau tsinke.

Sai ya bi jirgin ƙasan dare zuwa Ngaundere, ya ƙarasa dajin Benuwe a hanyar Garwa, wanda ya zama gandun ƙasa a 1968. Ya kafa tanti, ya yi sammako bakin kogi, ya ɗana kyamara. Dorina kuwa da dare take fita kiwo. Ta nuna masa hanci da kunnuwa, ta nutse.

Kafin ya koma tanti, birai sun raba gādon guzurinsa. Su kaɗai suka fito tsaf a hoto.