Tsegumi: Takardar canjin wurin aiki ta fi ta kora ban tsoro

Ku matso kusa, jama'a, maganar yau ba ta lasifika ba ce. Tun da aka tantance ma'aikatan ƙananan hukumomi da na ilimi a 2025, aka cire sama da mutum 3,000 daga jerin masu albashi a jihar Katsina, hirar ma'aikata a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa ta koma ƙasa-ƙasa. A fili kowa sa wa Gwamna Dikko Raɗɗa albarka yake. A teburin mai shayi kuwa tambaya guda ce: wa ya kai rahoto?

Majiyata ta ce ku daina hararar juna, kwamiti da na'urar ɗaukar yatsa ne suka yi aikin. To ai a nan abin kunyar yake. Sunan bogi ba ya hawa takardar albashi da ƙafarsa. Akwai akawun da ya buga, akwai wanda ya sa hannu, akwai hedimastan da ya san yawan malaman da ke shiga aji bai kai na takarda ba. Shekara da shekaru, ba a ji mai cewa uffan ba.

Kada ku yi saurin zaginsu. Abin da ake raɗawa shi ne, a wannan yanki ba a cika korar mai dogon baki ba. Kora sai an ba ka takardar tuhuma, an zaunar da kwamiti, kuma kana iya garzayawa kotu. Abin da ake yi ya fi haka sauƙi: a kira ka, a ce “Malam, ga saƙonka,” ka buɗe ka ga an mayar da kai wani ƙauyen bakin daji, can bayan Mabai, wai bisa buƙatar aiki. Wa za ka kai ƙara? Duk wanda ya tuna daren 11 ga Disamba 2020 da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, ko kisan 'Yargoje na watan Yunin 2024, ya san nauyin wannan 'yar takarda. Su kuma mutanen ƙauyukan, ba su ji ba ba su gani ba, an mai da garinsu gidan horo. Malamin da aka turo musu sai ya zo Litinin da hantsi, Laraba ya kama hanya.

Za ku ce ina shirin nan na tona asirin ɓarayin gwamnati? Yana nan a takarda. A Disamba 2016 gwamnatin Buhari, ɗan jihar nan, ta fito da shi ta hannun ministar kuɗi Kemi Adeosun, da alkawarin kashi 2.5 zuwa 5 cikin ɗari na kuɗin da aka ƙwato. A Afrilu 2017 aka bankaɗo dala miliyan 43 a wani bene a Ikoyi, ƙasa ta ɗauka. Sai dai shiri ne na ma'aikatar kuɗi, ba dokar majalisa ba. Majalisar Dattawa ta amince da ƙudirin kare masu fallasa a 2017, bai zama doka ba. A Disamba 2022 majalisar zartarwa ta sake amincewa da wani daftarin. Ghana kuwa tun 2006 take da tata dokar.

Ku tambayi Ntia Thompson, wanda aka sallama a 2017 daga wata hukuma ta ma'aikatar harkokin waje bayan ya kai rahoton almundahana, sai da aka yi ta kururuwa aka mayar da shi. Ku tambayi Aaron Kaase na hukumar kula da aikin 'yan sanda, da aka dakatar a 2015, sai da kotu ta shiga. Waɗannan a Abuja suke, ga lauyoyi ga 'yan jarida. Ina ga ƙaramin akawu a Sabuwa? A nan gida ma, Mahdi Shehu, da ba ya jiran albashin kowa, ya yi zargi kan kuɗin tsaro a 2020, gwamnatin tsohon gwamna Masari ta musanta, shi kuma ya sha kamu da zaman kotu. Ma'aikata sun yi kallo, kowa ya shafa wa gemunsa ruwa.

Ga wani sirri kyauta. Sashe na 27 na dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ya kare jami'in da ya fallasa zamba ko ɓarnar dukiyar jama'a daga gurfana, kuma a Afrilu 2025 Kotun Ƙoli ta ce dokar ta hau kan jihohi ma. Amma sashen bai ce komai a kan canjin wurin aiki ba, kuma Yallaɓai mai sa hannu a takardar canjin ya san da haka.

Yanzu ku bi mutumin nan da aka tura bakin daji zuwa ranar zaɓe. Katin zaɓensa na Funtuwa ne ko Malumfashi, ƙuri'a kuma sai a rumfar da ka yi rajista. INEC ta yarda a sauya rumfa, amma wa zai kai katinsa garin da kullum yake addu'ar bari? Zaɓe Asabar ake yi, ana hana zirga-zirga tun tsakar dare, dole ya taso Juma'a, ranar aiki, izini kuma a hannun wanda ya tura shi. Ana raɗa cewa izinin ya fi saurin fita ga wanda aka san inda ɗan yatsansa zai sauka. A 2019 gwamnatin tarayya ta ba da hutun Juma'a 22 ga Fabrairu, bayan an ɗage zaɓen 16 ga wata mutane sun riga sun ƙona kuɗin mota. Alfarma aka yi. A 2023 ko kuɗin motar ma babu, canjin naira ya haɗiye su.

Masu aikin zaɓen kansu, 'yan sanda, masu yi wa ƙasa hidima da ma'aikatan wucin gadi, ƙuri'un wasu suke tsaro suna ƙirgawa, tasu na aljihu. Sanata Abdul'aziz Musa 'Yar'aduwa na Katsina ta Tsakiya ya kai ƙudirin a bar irinsu su yi zaɓe kafin ranar, ya tsallake karatu na biyu a Maris 2025. Kada a raina ƙuri'ar ma'aikaci a nan: kujerar majalisar wakilai ta Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa sai da aka sake zaɓe a wasu rumfuna ranar 3 ga Fabrairu 2024 kafin ta zauna.

Kafin zaɓen 2027, duk jerin canje-canjen da aka liƙa a allon sanarwa, ku tsaya ku karanta sunayen da kyau, ku duba wa aka kawo cikin gari, wa aka kai bakin daji. In kun ga abin da ya ɗaure muku kai, kun san inda ake samuna.