Taubashiya ta daina huci

Daga Dortmund, ƙasar Jamus

Zuwa ga taubashina,

Ina Inna, ina Kawu, ina yara? Yaya damina, tafkin Madarunfa ya cika bana? Idan ka bi ta wajen kaburburan waliyyai 99 ka sa ni cikin addu'a.

Kafin ka ci gaba da karatu ka nemi wuri ka zauna, ka naɗe ƙafafunka bisa tabarma, don na san halinka. Kai ne ka watsar da ƙwaryar fura a hanyar Dan Issa saboda ka taka igiyar guga. To, ubangidanka yana kiwon macijiya a ɗaki.

Kusa da mu akwai wani gari, Hamm, inda ake cin kasuwar macizai da ƙadangaru da kunkuru, mutane na ciniki kamar masu sayen ragon layya. Can wani abokin aikina ya sayo ta. Ta cije shi sau biyu, matarsa ta ce ya zaɓa, ko ita ko macijiya. Da na ga ƴar abar ta dunƙule a lungun akwatin gilashi, tausayinta ya kama ni, na karɓe ta.

Irinta ana ce masa bowa. Ta yi kama da mesarmu, amma asalinta Amurka ta Kudu da ta Tsakiya. Ba ta da dafi, matse abincinta take yi. Kuma ba ta saka ƙwai kamar mesa, haihuwa take yi. Yanzu tsawonta bai fi kamu ɗaya da ƴan kai ba, amma idan ta girma za ta kai mita 2 zuwa 3, ta kuma yi shekara 20 ko 30 a duniya. Ka ga ke nan za ta ga auren ƴaƴanka.

Kwanakin farko, da na matso sai ta lanƙwashe wuya, ta buɗe baki tana huci kamar an tsoma garwashi a ruwa. Baki da yawa, ciki fal tsoro. Nan take na sa mata suna Taubashiya.

Abin da na gane shi ne ba mugunta ke sa ta cizo ba. A dajinsu, ƙaramin maciji abincin kowa ne, musamman tsuntsaye. Hannun da ya sauko mata daga sama, a wurinta shaho ne ya kawo sura. Saboda haka mako guda cur ban taɓa ta ba, sai dai in canza mata ruwa, in duba zafin akwatin, ɓangare ɗaya wajen digiri 31, ɗayan da ɗan sanyi, kowanne da maɓoya. Na saka mata tsohuwar rigata ta saba da warina, don da harshe macizai suke sansana abu. Sai da ta ci abinci sau biyu sannan na fara ɗaukarta. In shafe ta da ƴar ƙugiya ta san ba abinci ba ne ya zo, in zura hannu ta gefe, in tallabo tsakiyar jikinta daga ƙasa. Ban taɓa riƙe mata wuya ba. Minti 5, in mayar da ita. Ko ta yi huci ba na ajiye ta sai ta lafa, don idan ta gano huci na korar mutum ba za ta bari ba. Kawu na riƙa tunawa, yadda yake horon bijimin huɗa ba tare da ya ɗaga sanda ba.

Sau ɗaya ta cije ni, kamar ƙayar aduwa, na wanke da sabulu. Ranar ban wanke hannu ba bayan na taɓa ɓera. E, ɓera take ci, ɗaya a mako, kuma da kuɗi ake sayensa, daskararre cikin ƙanƙara. Kai da rumbunka ya zama masaukin ɓeraye, da a nan kake da ka yi arziki. Idan ta ci, kwana 2 ba na ɗaukarta, kada ta amayar. Haka ma idan idanunta sun yi hazo za ta yi saɓa, don lokacin ba ta gani sosai.

Jiya, bayan wata 2, ta hau hannuna da kanta, ta naɗe a wuyan hannu ta yi lamo. Wallahi na ji daɗi har zuciya.

Amma ka ja kunnen yara idan ka karanta musu wannan. Kububuwa da kasa da gamsheƙa ba a sabo da su, dafinsu na kisa. Kada wani ya ce zai kwaikwayi gardawan kasuwa. Wanda maciji ya sara a gona a kai shi asibiti maza, kada a tsaya tsaga wurin ko ɗaure shi.

Kuɗin shararka na bana suna tafe. Hotonta kuma zan turo maka ta WhatsApp, ka ajiye ƙwarya kafin ka buɗe, kuma kada ka nuna wa Inna sai na kira ta da kaina.

Naka,
Ubangidanka