Zuwa ga bawana Bazabarme, sarkin cokali mai yatsu

Na jinkirta wannan takarda ne har sai da dariya ta sake ni.

Tun da aka ba ka buro a Filato, yara suka fara ce maka "mushe", hannunka ya daina shiga kwano. Mu dai a Gobir mun san abin da ake kira mushe, ba ma kusantarsa, amma bar wannan. Kai da aka yaye da kopto a Harobanda, yau har dambu sai ka sa masa wuƙa da cokali mai yatsu, rabi a baki, rabi a gaban riga.

To, ran nan Allah ya kama ka. Ka tuna daren da Ba'indiyen nan mai kanti ya kira mu gidansa? Tun daga gadar Kennedy kake yi mini huɗuba: kada in ba ka kunya, waɗannan su ne suka gina mana zauren taro na Mahatma Gandhi da aka buɗe a 2020, ba a yi musu cin ƙauye. Muka isa. Aka wanke hannu. Uwargida ta jera wa kowa faranti mai faɗi, talli suke kiransa, ga ƙananan kwanoni na miyar wake da nono da yaji. Maigida ya yago gurasarsu, capati, da hannun dama kaɗai, ya dangwali miya. Da aka zo kan shinkafa ya cuɗa ta da kan yatsu, babban yatsa ya tura loma baki, tafin hannunsa tas. Cokali yana nan, amma na zuba abinci ne, hagu ke riƙe shi. Tsohuwarsu har ta ce a kudancin ƙasarsu, wajen Kerala, ranar biki a kan ganyen ayaba ake ci.

Ni Bagobiri na nannaɗe hannun riga, kamar ina Tsibiri gaban tuwon gero. Kai kuwa kana ta waige-waige, har aka aiki yaro kicin ya tono maka cokali mai yatsu. Ka bi capatin nan kana soka yana zillewa, tsohuwa tana kallonka da tausayi. A hankali ta tambaye ni ko ciwon yatsa gare ka.

Na ce mata a'a, Bazabarme ne, kuma nawa ne, na gada. Ranar Juma'a ina tafe gidanka a Yantala. Ka ce wa matarka ta kwaɓa kopto da ƙuli-ƙuli, ta ajiye buta a bakin tabarma, cokulan kuma a ba yara su yi wasa.