Teku a Katsina? To, ku saurara

Na san abin da za ku ce, 'yan ɗakin kara: ko an hau Hasumiyar Gobarau aka yi ɗage ba a hango teku, a bar wa Nufawa zancen ruwa. Wani ma cewa zai yi ai muna da tashar jiragen ruwa a Funtua. Ranka ya daɗe, ta tudu ce, ko kwalekwale bai taɓa tsayawa can ba.

Amma kason da Abuja ke turo wa jiha duk wata, wanda ake biyan albashinku da shi, daga Ajiwa kuke tsammanin ana ɗebo shi? Wani kaso mai tsoka kuɗin ɗanyen mai ne, ana kuma loda man a tashoshi irin Bonny da Forcados. Kafin bututu ya isa can sai ya ratsa fadamun Neja Delta, inda ruwan kogi ke gauraya da na gishiri. Itatuwan wurin saiwarsu na cikin taɓo. A nan kifi ke ƙyanƙyasa, su ne kuma ke karya ƙarfin igiyar ruwa kafin ta ci gari. A yashe mashigi don jirgi ya wuce, a jibge yashin kan fadama, an gama da su.

A 2008 bututun da ke kai mai Bonny ya fashe a Bodo, ƙasar Ogoni. Sai 2015 Shell ta amince ta biya diyyar fam miliyan 55. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya ce farfaɗo da Ogoni zai iya cin shekara 25 zuwa 30.

Kuma wa ya yi wa tsagerun Neja Delta afuwa a 2009? Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa. A mulkin wa aka ƙaddamar da tsabtace Ogoni a 2016? Na mutumin Daura. To ina "ba ruwanmu"?

Balle ku da kuka cike kududdufan cikin birni da shara kuka ɗora shaguna, ai ba sai an yi muku tafsiri ba. Da Agusta ta kama, ruwan da kuka kora yakan biyo ku har tsakar ɗaki neman gidansa.

Saboda haka, Alhaji, in ka ji an ce kada a ƙara gina tashar mai sai an tantance ɓarnar da za ta yi wa fadama, daina taɓe baki. Kana cikin masu cin kuɗin, da kai za a yi maganar.