Wasiƙa Daga Mancesta: Inda Kuɗin Shararka Suka Shige

Mancesta, Ingila
Yuli, 2025

Zuwa ga taubashina, kuma bawana na gado,

Da fatan kana lafiya, kai da iyali da Gwaggo da sauran Zagezagi. Mu nan lafiya lau, sai wani ɗan zafi da Turawa ke ta salati a kansa, irin wanda a Kano ko fanka ba za a kunna masa ba.

Saƙonka na murya ya iso. Na ji kana ta kumfar baki wai watan cika-ciki ya kama har ya yi nisa ba ka ga kuɗin shara ba. Sassauta murya, malam. Kuɗinka suna nan lafiya, kama kawai suka canza. Yanzu haka suna cikin wani baƙin akwati mai gilashi a ɗakin ɗanka, suna juya fanka biyu.

Tun bara yaron nan ya ritsa ni da alkawari, wai in ya gama jarrabawar GCSE zan bar shi ya haɗa kwamfutar gem da hannunsa. Ya gama a watan Yuni. Sakamako sai Agusta, amma shi a wurinsa magana ta ƙare, don na ce in ya gama, ban ce in ya ci ba. Sai ga shi da takarda cike da jerin kaya: furosesa, fanel ɗin da komai ke hawa kansa, ram, ma'ajiya, akwatin wuta, da gidan da za a zuba su. Ina bi da ido ina gyaɗa kai, har na zo layin ƙarshe. Abu ɗaya tal, kuɗinsa ya haura sulusin kuɗin kayan gaba ɗaya. Wai katin hoto.

Tunda na san a garinku sai an yi bayani dalla-dalla, bari in taimaka maka. Furosesa shi ke lissafin inda ƙwallo ta nufa da wanda ya buga ta. Katin hoto shi ke zana abin da ido zai gani: ciyawar fili, rigar ɗan wasa, gumin goshinsa, ƴan kallo. Kuma ba sau ɗaya yake zanawa ba, sau sittin a daƙiƙa guda, ko fiye. In ya gaza, sai hoto ya riƙa tsinkewa, ɗan wasa yana tsakiyar fili ka ƙifta ido ka gan shi a bakin raga. Shi ya sa ƴan gem ke iya yin tsumulmula a komai, ban da shi.

Kamfanoni uku ke wannan harka. Nvidia masu kore, AMD masu ja, sai Intel masu shuɗi da suka shigo daga baya. Magoya bayan kore da ja ba sa ga maciji, kullum cikin musu suke a intanet. Abin da ya ba ni dariya, shugaban Nvidia, Jensen Huang, da shugabar AMD, Lisa Su, dukansu a Taiwan aka haife su, kuma dangin juna ne. Kakan Lisa na wajen uwa yayan mahaifiyar Jensen ne. Yi lissafin da kanka: Jensen ɗan mace ne, taubashin mahaifiyar Lisa, wato irinka. A cikin watan nan darajar kamfaninsa ta kai dala tiriliyan 4, abin da wani kamfani bai taɓa kaiwa ba kafinsa. Ka ga ɗan macen da ya yi zuciya ya kama sana'a, bai zauna yana aika wa iyayen gidansa saƙon murya ba.

Yaron, da yake jinin Kanawa ne, bai fara da abin da yake so ba. Sai ya nuna mini RTX 5090, dala 1,999 a farashin kamfani, mai shan wuta wat 575 shi kaɗai. Ya bari na gama innalillahi, sannan ya sauko RTX 5070 da RX 9070, kowanne dala 549, yana wani marairaice fuska wai ya rage mini. Na ce ɗan nan, wannan dabarar a Kantin Kwari na tashi na tarar da ita. Sauko ƙasa inda mutane suke.

Inda mutane suke kuwa, cunkoso ne. Akwai RTX 5060 da ya fito a watan Mayu, dala 299. Akwai yayansa RTX 5060 Ti na watan Afrilu. Akwai RX 9060 XT na AMD da ya fito farkon Yuni. Can gefe ga Arc B580 na Intel tun Disambar 2024, dala 249, wanda ba laifi, sai dai yana son furosesa na zamani kafin ya saki jiki, kuma samunsa a wannan farashin sai an sha yawo. To ga inda tarkon yake. RTX 5060 Ti suna ɗaya ne amma kati biyu: mai giga 8 dala 379, mai giga 16 dala 429. RX 9060 XT ma haka, mai giga 8 dala 299, mai giga 16 dala 349. Kwali iri ɗaya, hoto iri ɗaya, bambancin lamba ce ƙarama a kusurwa. Uban da ya shiga shago da niyyar burge ɗansa, ya ga mai sauƙin kuɗi ya ɗauka, sai ya dawo gida ya ga ana kallonsa da tausayi.

Wannan gigar ita ce ta ci mana lokaci, kuma ita ce duk maganar. Kowane kati yana da ma'ajiyarsa ta kansa, dabam da ta kwamfuta, inda yake baje kayan da zai yi zane da su: fatar bango, ganyen bishiya, fuskokin mutane. Ɗauke ta a matsayin teburin tela. Tela komai gwanintarsa da saurin kekensa, in teburin ƙarami ne kuma aka kawo masa babbar riga, sai ya yi ta tashi yana ajiye wannan ƙyalle yana ɗauko wancan, aiki na tsayawa. Gem na da, irin su Minecraft da Fortnite da ƙwallon EA Sports FC, giga 8 ta ishe su har da saura. Amma sababbin manya, irin Indiana Jones da ya fito ƙarshen 2024, da ka ɗaga kyan hoto sama sai giga 8 ta cika ta batse, wasa ya fara tuntuɓe ko da injin katin bai gaji ba. Kuma ba a ƙara ta daga baya yadda ake ƙara ram, a manne take. Abin mamaki, RTX 3060 na shekarar 2021 giga 12 gare shi, jikansa 5060 na 2025 ya zo da 8. Ga ƙarfi ya ƙaru, tebur ya ragu.

Sai batun allo. Wanda muke da shi a gida na 1080 ne, ɗigon hoto miliyan 2 da ƴan kai. Yaron yana hangen na 1440, mai ɗigo kusan miliyan 3.7, wai zai tara kuɗinsa da kansa (na ji, ban kuma gaskata ba). Allo in ya girma, aikin kati ya ƙaru, ma'ajiya ma ta ƙara cika. Wanda ya san zai mutu a kan 1080 yana buga ƙwallo kawai, ya sayi mai giga 8 ya huta. Wanda ke da yaro ɗan shekara goma sha shida mai dogon buri, ya san ba a nan za a tsaya ba.

Da muka tsaya a kan giga 16, saura kore ko ja. Shi kore yake so, don abokansa duk kore ne. Hujjarsa biyu. Ta farko wani abu wai DLSS: katin ya zana hoto ƙarami, ƙirƙirarriyar basira ta buɗa shi ya cika allo, har ma ta riƙa cusa hotunan ciko tsakanin na gaskiya, ɗaya na gaske uku na ciko, don motsi ya yi santsi. Gaskiya abin yana aiki, kuma gem ɗin da ke karɓarsa sun fi yawa. Amma ja ma suna da nasu, FSR, kuma na huɗun da ya zo da katunan bana ya matso kusa sosai. Hujja ta biyu ita ce bin sawun haske, yadda za ka ga fitilar titi tana sheƙi a cikin ruwan da ya kwanta a kwalta. A nan kore sun fi, ba musu. Na ja shi bakin taga na nuna masa titi. Na ce a Mancesta muke, garin da ruwan sama ba ya hutu, ga fitila a cikin ruwa nan kyauta, ka kalla har ka gaji. Dala 80 ce tsakanin katunan biyu, saurin kuma kore ya ɗan fi ne da kaɗan. Da aikin haɗa bidiyo zai yi ko harkar ƙirƙirarriyar basira, da na biya ban ce uffan ba, don a can manhajoji sun fi sabawa da kore. Amma don gem, tazarar ba ta kai kuɗin ba, sai muka tsaya a kan ja.

Wani abokin aikina ya so ya kai ni wajen masu sayar da na hannu a intanet. Ka san nan ne mahaƙar abin da kuke rububi a kai da sunan Landan yuz. Na ƙi. Kafin Satumbar 2022, lokacin da Ethereum ya daina amfani da katunan hoto, ƴan mainin sun tara su ɗaki-ɗaki suna aiki dare da rana ba kashewa, daga baya suka zubo su kasuwa. Ba irin mainin ɗinku na dangwalar waya ba, wanda ya bar ka da ciwon yatsa. Wanda ya san kan abin zai iya dacewa da mai kyau a araha. Amma yaro a haɗinsa na farko, in ya kunna bai tashi ba, bai san ko katin ne ko hannunsa ba, ga shi babu garanti, ai cinikin biri a sama ke nan.

Ranar saye uwargida ta ba mu tef ɗinta na ɗinki muka auna cikin akwatin, don wasu katunan masu fanka uku dogaye ne, sai ka saya su ƙi shiga. Muka je shago. Saurayin da ke kanta ya ɗauko kwali, na juya shi na ga 16 ɗin da idona, ya faɗi kuɗi, fam ɗari uku da ɗoriya. Na ce to nawa zai rage. Ya ce a'a, farashin ke nan. Na ce in na haɗa da akwatin wuta fa? Ya ce sai ya tara mini kuɗin biyun. Na yi irin tafiyar nan ta zuwa bakin ƙofa a hankali, ina jiran a ce dawo Alhaji. Har na kai waje ba wanda ya kira ni. Da na waiwaya, ɗanka ya ja hular rigarsa ya rufe fuska, ya koma wajen linzaman kwamfuta yana nuna bai san ni ba. Ƙasar da ba a taya kaya, ba a cewa albarka, ban san daɗin me suke ji a kasuwa ba.

Haɗawar a kan teburin cin abinci aka yi ta. Yaron da ke mini iyayi wata guda cur, da ya fito da katin daga ledarsa sai hannu ya kama rawa. Ya saita bakin zinaren a ramin fanel, ya kasa dannawa. Na ce yi bismilla ka danna. Ya danna, muka ji ƙas, ɗan makullin ya kama. Ya ɗaure kusoshi, ya soka wayar wuta mai ido takwas. Katin wat 160 yake sha, mun sa masa akwatin wuta mai 650, don a nan ne ba a son araha: in ya ƙone ba shi kaɗai yake tafiya ba. Ya tabbatar wayar allo a jikin katin ya soka ta, can ƙasa, ba a ramin fanel na sama ba, inda ya ce sababbin shiga da yawa ke sokawa su yi ta zagin kati alhali ko aiki ba su ba shi ba. Aka danna maɓalli, fitilu suka kawo, allo ya yi haske. Uwargida ta leƙo daga kicin ta ce, yanzu duk kuɗin nan wannan ɗan hasken aka saya?

In na dawo daga aikin dare yana barci, nakan ɗan zauna in duba masa lafiyar kwamfutar, kada ta lalace da zama. A nan na ɗauki Manchester United ɗinka, wadda ta ƙare ta 15 a gasar bana, Tottenham kuma ta doke ta a wasan ƙarshe na kofin Europa a Bilbao, na ci mata kofi. A duk faɗin garin nan, a ɗakin ɗanka kaɗai take cin wasa. Ka gode mini.

Na san da wasiƙar nan ta shiga gidanka, naka yaron zai fara yi maka zancen tasa. Kafin ka sayi ko kusa ɗaya, fara da wuta. Kwamfuta irin wannan in tana tsakiyar wasa takan ja wat ɗari uku ko kusa, kuma ba ta yafe ɗaukewar wuta ba sallama, don haka sai da UPS ko inbata mai ƙarfi. Ƙurar hunturu kuma za ta toshe fankokin in ba a bushe su a kai a kai. In ka shirya wannan, ka saya masa mai giga 16, sabo, ja ko kore duk wanda ka samu da sauƙi, ka duba lambar a jikin kwali da idonka.

Abu ɗaya nake roƙonka don zumunci. Fam ɗaya yanzu ya haura naira dubu biyu, na san kuma tuni ka buga lissafi ka ga abin ya wuce dubu ɗari shida. Kada lissafin nan ya kai kunnen Gwaggo. In ta tambaya, ka ce mata kayan karatu aka saya wa jikanta. Sannan in ka samu mai tahowa, ka aiko mini da kuka da daddawa da yaji. Ban da kilishi, a filin jirgi za su ƙwace.

Ka gaida kowa da kowa.

Naka,
Ubangidanka na Mancesta