Garin Neman Gira

A jikin kwali an rubuta gig 128, amma tun ranar da na kunna kwamfutar nan 119 ta nuna mini. Na ɗauka mai shago ne ya ci tara, har na yi masa Allah ya isa a zuci. Daga baya na gane bambancin lissafi ne tsakanin masu ƙera faifan da Windows. Malam, ka yafe ni.

Ana nan, wata safiya layin da ke nuna cikar faifan C ya rine ja wur. Na zage damtse. Finafinan Kannywood suka fara tafiya, sai karatuttukan azumin bara, sai hotunan bikin ƙanwar maiɗakina, waɗanda dama ban yi kyau a cikinsu ba. Na duba, ja na nan daram. Ashe duk suna kwance a kwandon shara, kamar ka share ɗaki ka tura dattin ƙarƙashin gado. Na zubar da kwandon, sararin da na samu bai taka kara ya karya ba.

Nan ilimi ya motsa. Na leƙa cikin jakar Windows, na ci karo da wata wai ita WinSxS, ta yi ƙiba kamar ragon layya. Na danna gogewa, kwamfuta ta ce sai da izinin wani TrustedInstaller. Kayana, kuɗina, wani ƙato ya ce sai da izininsa? Sa'a biyu na yi ina kokawa har na ƙwace iko, na goge abin da ya gogu, na kwanta ina jin kaina injiniya.

Da asuba allo ya koma shuɗi.

Na kai kwamfutar gyara titin Beirut, yaron da ya karɓe ta bai kai sa'an ɗana na fari ba. Ya saurare ni, ya sunkuyar da kai don kar in ga dariyarsa.

"Baba, ai ginshiƙin ɗakin kuka cire. Kuma kallon kitse kuka yi wa rogo: yawancin abin da ke cikin WinSxS shi ne dai wanda ke System32, sau biyu ake ƙirgawa."

Ya sake zuba Windows, sannan ya buɗe Disk Cleanup, ya taɓa maɓallin share fayilolin tsarin na'ura, inda ake kwashe ragowar tsofaffin sabuntawa ba tare da an fasa komai ba. Ya nuna mini Windows.old, wadda ke ɓacewa da kanta bayan kwana 10, da hiberfil.sys mai cin kusan kashi 40 cikin 100 na girman RAM, wanda layi ɗaya ke kashewa: powercfg -h off. Bayanin bai kai minti biyar ba.

Na dawo gida da sarari fal. Ina cire takalmi maiɗakin ta leƙo daga kicin.

"Sannu da zuwa, Alhaji. Amarya ta bugo, wayarta ta faɗa ruwa. Ta ce a tura mata hotunan nan na wajenka."