Kasuwar Ƙuri'a a Masarautar Google

Tun fitowar Google a 1998, tsarinsa shi ne duk mahaɗin da wani shafi ya yi zuwa naka tamkar ƙuri'a ce aka kaɗa maka, mai ƙuri'u masu nauyi kuwa shi ke hawa saman sakamakon bincike. Ka gaya wa ɗan Adam ƙuri'a na da daraja, sannan ka yi mamaki don ya buɗe mata kasuwa!

Nan da nan dillalai suka baje koli. Sai ka tarar shafin koyar da girki yana yabon mai sayar da tayoyin mota, alhali ko gaisawa ba su taɓa yi ba. A 2005 aka fito da alamar nofollow, wato ka nuna wa baƙo gidan mutum, amma ka ce ba ka tsaya masa ba. Kasuwa dai ba ta watse ba.

Sai Afrilun 2012, Penguin, sabon tsarin Google na hukunta masu maguɗin mahaɗai, ya sauko kamar aradu. Waɗanda jiya suka biya aka saka musu mahaɗai suka koma aika wasiƙun magiya a cire, wasu dillalan kuma suka ce cirewar ma sai an biya. A Oktoba Google ya buɗe ƙofar barranta: ka jera tsoffin masoyanka a fayil, ka ce ba ruwanka da su.

Mai dokar barci ma ya ɓige da gyangyaɗi. A Janairun shekarar, aka kama shafin Chrome, ɗan Google na cikinsa, da mahaɗin da aka biya, Google ya tura shi baya na kwana 60.